Yatsa a Gefen Hoto

Litinin, 5 ga Mayu

Shekara talatin ina koya wa 'ya'yan mutane lissafi, yau ga ni ɗaliba a gaban mai gyaran keken ɗinki, wato mijina, yana ba ni umarni da rabin baki.

Wata huɗu ke nan da ɓarin jikin Malam na dama ya shanye. Magana ta dawo, sai dai a hankali take fita. Ƙafa da sauƙi, yana takawa da sanda. Hannun ne dai har yanzu.

Da safe ya ce shafinsa na intanet ya yi shiru da yawa, teloli suna jiransa. Shekara goma sha ɗaya yana saka hotunan gyara da bayani a can, ni ko leƙawa ban taɓa yi ba. Yanzu ni zan ɗauki hoto da waya, ni zan buga abin da ya faɗa, ni zan ɗora, don kallon allon kwamfuta jiri yake sa shi. Na ce to kai Malam, mene ne aikinka? Ya ce, "Ni ne oga." Rabon da in ji ya yi zolaya tun kafin asibiti.

Laraba, 7 ga Mayu

Hoto ya ƙi hawa shafin. Na jira har shayina ya huce, abin yana ta juyi. Malam ya ce nauyi ne ya yi masa yawa, hoton waya ƙato ne, sai an rage shi. Ya sa na buɗe wani shafi da yake amfani da shi. Ana jefa hoton a ciki, sai akwati biyu su fito, ɗaya na faɗi ɗaya na tsawo. A rubuta dubu da ɗari biyu a na faɗi, na tsawon zai daidaita kansa. A tsakaninsu akwai wani ɗan kwaɗo a rufe.

"Kada ki taɓa kwaɗon nan, Malama."

Ai kuwa na taɓa. Ni da ba a hana ni abu in ƙi tambayar dalili. Keken ya fito a miƙe, siriri, kamar an ja roba. Na juya masa allon ya yi kallo ɗaya, ya yi dariya har sai da na buga masa baya.

Alhamis, 8 ga Mayu

1200. Na rubuta a takarda na manna a jikin kwamfutar. Kwaɗo a rufe.

Asabar, 10 ga Mayu

Na zauna na bi tsofaffin hotunansa. Ashe Malam bai taɓa saka fuskarsa ba, ko sau ɗaya. A kowane hoto yatsansa ne kawai yake leƙowa daga gefe, yana nuna notin da za a kwance ko ramin da za a ɗiga wa mai. Ga baƙin man nan a ƙarƙashin farce, wanda na shekara da shekaru ina mita a kansa saboda tawul ɗina.

Yau muka ɗauki na farko mai hannunsa a ciki. Ya sa hannun hagu ya ɗago na dama, ya ajiye shi kusa da gidan ƙwarƙwaro, inda zaren ƙasa yake zama. Yatsun a naɗe suke, a kumbure, fatar tana sheƙi. Da gaɓar yatsa ya nuna. Na danna da sauri na ce an gama.

A shafin rage hoton akwai wani firam mai kusurwa huɗu, in ka ja kusurwa sai ya yanke gefen da ba ka so. Na ja kaɗan, hannun ya fita, keken ya rage shi kaɗai tsaf. Mutane bakinsu ba ya shiru, ba na son a riƙa yi masa kallon tausayi. Ban gaya masa ba.

Talata, 13 ga Mayu

Ma'aikaciyar asibitin da ke zuwa motsa masa jiki ta zo. Ta lanƙwasa, ta miƙe, ta ce wannan satin akwai bambanci, me yake yi? Na ce ya koma teburin aiki. Ta ce to kada a kuskura ya daina, domin in ya bar hannun ya kwanta na 'yan makonni, yatsun za su ƙage, ba lallai su sake buɗewa ba. Malam ya ce mata matarsa ce sakatariya yanzu, amma ba ta jin magana.

Juma'a, 16 ga Mayu

Bayani huɗu muka ɗora. Hannuna ya faɗa: jefa, yanke, 1200, sauke. Ko minti ɗaya ba na kaiwa.

Shi kuwa kafin ya ajiye hannun nan daidai inda yake so, sai ya yi minti biyar, gumi na tsattsafo masa a goshi. Kullum in na danna sai ya ce, "Ya fito?" In ce ya fito. A waya ai ya fito. Na san dai abin da zan kira wannan amsar da a ce ɗalibina ne ya ba ni ita.

Lahadi, 18 ga Mayu

Saƙonni sun fara shigowa a ƙasan shafin, ni ke karanta masa. Wata ta ce noti uku ne a hoton, wanne ake nufi? Wani ya ce ina yatsan Malam? Na ukun ne ya fi tsanani. Ya rubuta cewa ya lura tun da shafin ya dawo babu yatsa, in Malam ya rasu ne iyalinsa suke ci gaba, to Allah ya jiƙansa, shi ya koya masa sana'a ba tare da sun taɓa haɗuwa ba.

Gaisuwa kawai na karanta masa. Sauran na haɗiye.

Laraba, 21 ga Mayu

Dogo tela ya zo, tsohon abokin cinikinsa, da kan keke a rungume a ƙirji. Da ya ga Malam a zaune sai ya ajiye keken ya dafe ƙirji. Wai hankalinsa ne ya tashi, ya ga ana ta'aziyya a shafi, shi ya sa ya ɗauko keken don ya sami hujjar zuwa. Ina ta yi masa alama da ido, mutumin nan ko a jikinsa. Ya ciro waya ya miƙa.

Malam ya karɓa da hagu. Duk da jirin, ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, har huɗun. Ya yi wa Dogo godiya, ya tambayi yara, ya ce a bar keken.

Sai da na rufe ƙofa na dawo ya ce, "Malama, kunyata kike ji?"

Na fara zuba, bakin mutane, tausayi, kaza da kaza. Ya bari na gama.

"Da kin faɗa min, ai da na huta da ɗaga shi."

Da ma zagina ya yi, da ya fi min sauƙi.

Alhamis, 22 ga Mayu

Bai shiga ɗakin aiki ba.

Asabar, 24 ga Mayu

Yau ma. Ya sa na rufe keken Dogo da tsumma. Wajen cin abinci sai ya ɗora ƙaramin tawul a kan hannun, a gabana, a cikin gidansa. Magana kuwa sai "to" da "na gode". Malam da na gode! Shekara talatin da huɗu bai taɓa gode min don na miƙa masa ruwa ba.

Raina ya ɓaci, na shiga kicin ina wa tukwane faɗa. Wa ya kwana a kujerar asibiti sati uku? Wa ke ɗaura masa takalmi? Don ɗan gefen hoto shi ne za a mai da ni baƙuwa? Na gama masifata ni kaɗai, na fito na tarar yana ƙoƙarin ɓalle maɓallin riga da hannu ɗaya, bai kira ni ba.

Talata, 27 ga Mayu

Ma'aikaciyar asibiti ta ce yatsun sun fara tauri. Ta kalle ni, na kalli ƙasa.

Bayan ta tafi na ɗauki waya. Shafin nan ba ya taɓa hoton asali, kwafi yake ragewa, don haka duka suna nan da girmansu. Na buɗe na ranar farko, na ja shi da yatsu biyu har hannun ya cika allon. Ban taɓa tsayawa na kalle shi haka ba. Ga tabon nan a babban yatsa, na ranar da allura ta huda shi yana gyara keken da ya ɗinka wa 'yarmu ta fari kayan makaranta. Ga jijiyar da ke tashi in yana murɗa noti. Farcen kuwa fari tas, babu ɗigon mai.

A kan farcen nan na yi kuka, ni da na yi shekaru ina roƙon ya wanke shi.

Babu wani bakin mutane. Ni ce. Tun asibiti ta hagunsa nake zama, ta hagu nake miƙa masa kofi, ko ɗaura masa riga nake yi sai in kau da ido. Hannun nan shi ya riƙe ni ranar da aka binne mahaifiyata. Tsoro nake ji in kalle shi in yarda cewa ba zai dawo yadda yake ba.

Alhamis, 29 ga Mayu

Ban iya ba da haƙuri ba, Allah ya sani, malamai ba mu saba ba. Sai na yi abin da na iya.

Da hantsi na shiga ɗakin aiki, na bar ƙofa a buɗe, na yaye tsumman keken Dogo. Na ɗauki sukundireba mafi girma na hau ƙwanƙwasa. Na kwance wani abu ya faɗi ƙasa ya gangara. Na ce "au" da ƙarfi. Ko minti goma ba a yi ba na ji takun sanda.

"Me kike kwancewa?"

Na ce noti.

"Wane notin? Za ki kashe wa bawan Allah keke. Na tsakiya ne."

Na ce ni duk ɗaya nake ganinsu, sai dai a nuna min. Ya gane sarai. Ya tsaya yana huci, hagu na riƙe da sanda, ba halin ya ɗago ɗayan. Sai na zagaya ta damansa na kama wuyan hannun. Da ɗumi, kuma ya fi yadda nake zato nauyi. Na kai shi kan keken, shi ya ƙarasa, gaɓar yatsan ta sauka a kan notin daidai.

Na ce, "Ba kunyarka nake ji ba, Malam. Tsoro ne."

Can ya ce, "Ni ma." Sannan ya ce in ɗauki hoton kafin hannuna ya gaji, tunda ƙarfina a baki yake.

Lahadi, 1 ga Yuni

Na jefa hoton a shafin ragewa. Matsala ɗaya, nawa hannun ma ya fito, yana riƙe da nasa, duk tamoji, ga ƙunar tukunya a baya. Na kai kibiya kan kusurwar firam ɗin. Malam yana kujera idonsa a rufe, amma ya san ƙarar dannawata.

"Bar shi."

Na ce ai nawa zan cire, ba naka ba.

"Na sani. Bar shi."

1200, kwaɗo a rufe, ban yanke komai ba. Na kuma sake ɗora tsofaffin huɗun da gefensu. Mai ta'aziyya ya dawo yana ta neman gafara, Malam ya ce in rubuta masa cewa mamacin yana gaishe shi. Wata kuma ta tambaya hannun wa ke riƙe da na Malam. Ya ce in rubuta "sakatariya". Ban rubuta ba.

Na mai da kujerata ta damansa. Hasken taga ya fi kyau ta nan, shi ke nan dalili.

Ɗazu na ga baƙin mai a farin tawul ɗina, shatin yatsa ɗaya. Wanki sai jibi. Wannan ɗin ma ba shi da wani datti sosai, zai iya jira.