Ƙarar Ƙashina a Rikoda

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna, da yara? Kada rubutun nan ya tsorata ki, da hagu nake yi.

Kin san bincikena. A Turanci, idan tambaya tana cikin wata tambayar, ba a ciro kalma daga ta cikin a kai ta farkon jimla. Aikina in karanta wa masu harshen irin waɗannan jimloli, su ce ko sun zauna a kunnensu. Misalan littafinmu kuwa, daga wa ya soki wa sai wa ya kashe wa.

Na je wajen 'yan dako a wani sito da rikoda, ban san an soke ɗayansu a makon ba. A jimla ta uku suka ce 'yan sanda ne suka turo ni. Wani ƙato ya shaƙe ni ya maka da bango, sauran suka rufe ni da katako. Hannun dama ya karye. Amma da sauƙi, wallahi.

Ashe rikodar ba ta tsaya ba, kuma cikin ihunsa ƙaton ya yi irin jimlar da ake cewa ba mai yin ta. Malamina ya saurari wurin sau biyar yana murmushi, ya ce, "Ka tsinci zinariya!" Bai tambayi ƙarar da ta biyo bayan jimlar ba. Ƙashina ne, Yaya. Saura ƙiris in fasa masa rikodar a ka.

A sa ni a addu'a. Inna kuma, ki ce mata santsi ne ya kwashe ni.

Ƙaninki