Ni Ne Di'on Kalankuwa, Ba Labbo Ba

Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure. Adimin ka ɓoye sunana, ko da yake duk wanda ya san ƙauyukan da ke tsakanin Wurno da Goronyo zai iya gane ni, in ya gane ya riƙe bakinai. Don Allah ku ba ni shawara, raina a ɓace shike. Ku yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a elementare ba babana ya fidda ni ya mai da ni gonar albasa, sauran a ajin yaƙi da jahilci na ƙarasa, waya kuwa da yatsa guda nika latsa ta.

Ku yaran yanzu ba ku san Kalankuwa ba, sai na yi muku karatu tukuna. Zamanin Turawa, in anka gama girbi anka cika rumbuna, samari da 'yan mata kan fito dandali mu kafa tamu gwamnati ta wasa. A naɗa Gwamna, a naɗa Di'o, a naɗa Joji da likita da 'yan doka, mu riƙa kwaikwayon masu mulki, a kama mutum a ci shi tarar goro don ya yi atishawa ba izini. To a garinmu ni ne Di'o. Ba roƙo na yi ba, samari sunka zaɓe ni saboda tsawo da dogon hanci. Hulata rabin ƙwarya ce da anka shafe da farar ƙasa, ga gajeren wando, ga tabarau na kara, ga toka a fuska. Aikina in riƙe ƙugu in yi ta zuba Turancin da babu shi a duniya, ta hanci. Taubashina, ɗan ƙanwar babana, mu kira shi Labbo, shi ne tafintana. Shina tsaye hagu gare ni ya karkato kunne, in na gama surkullena sai ya juya ga jama'a ya ce Di'o ya ce wance ta cika gishiri a miya, gobe ta zo ofis da tukunyar. Mutane su yi ta faɗuwa don dariya.

Wata shekara Di'on gaske ya zo rangadi ya sauka barikin da ke kusa da mu, ya ji kalangu da la'asar, sai ga shi tsakiyar dandali da 'yan dokanai na gaske. Makaɗa sunka tsaya cik, Gwamnanmu ya tsere ya bar takalmi, Joji ya laɓe bayan rumbu. Ni ban gudu ba, mutane sunka ce jarunta ce, kuma ban taɓa musa musu ba. Bature ya sa tafintanai ya tambaya ko wane ne wanga. Labbo ya matso ya ce ranka ya daɗe ƙanenka ne, an turo shi ya riƙe maka ƙasa ranar da kake hutu. Da anka fassara mashi, Baturen ya dube ni daga ƙwarya har ƙafa, ya haɗe dugadugai ya sara mani, ya juya ya tafi shina dariya. Jama'a ni ban yi sarauta ba, ban yi dukiya ba, ko shugaban masu albasa ban taɓa zama ba. Abin da ake nuna ni da shi a duniya ke nan, Bature ya sara mani gaban mutane. Har na yi furfura tsararrakina Di'o suke kirana.

To ga inda ɓarna ta fara. Ɗan Labbo na fari ma'aikaci ne a Sakkwato, shi ne ciyaman na ƙungiyar ci gaban garinmu. Ya gani a waya wai can wani tsibiri tsakiyar teku da ake ce ma Hawai, mutanen gari kan sa tsofaffi su koya wa yara rawa da waƙoƙin kakanni, a shirya wasa kowa ya zo kallo. Ya ce mu ma a tada Kalankuwa bayan girbin bana, a koya wa 'yan makaranta, a ɗauki bidiyo. Na ce madalla, sai da mutanen cikin ruwa sunka yi kana munka tuna muna da namu. Na sa anka wanke mani riga ina jiran kwamiti ya zo neman ilimi. Ba wanda ya zo. Sai ranar kasuwar Achida ina zaune rumfar wani abokina na ji mota da lasifika tana shela, wai a zo a ga Di'on Kalankuwa na ƙarshe, wanda Bature ya sara wa, Malam Labbo. Goron da ke bakina sai da na tofar.

Na nemi ciyaman na tambaye shi wa ya ba ubanai hulata. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, ya ce Baba ai tsohon ne ya ba su labarin da bakinai, kuma ba sau ɗaya ba. Na ce ubanka maƙaryaci ne tun muna yara, saboda ƙaryar ma munka ɗauke shi aikin tafinta. Na ce ya kawo shaida, ya ce cikin ladabi ni ma in kawo. To ina zan samo? Gwamna ya rasu, Joji ya rasu, makaɗan duk sun rasu, cikin 'yan matan da sunka yi mana guɗa saura guda, tana Rabah wurin ɗiyarta, kuma ko bindiga anka harba ba ta ji. Matata daga baya na auro ta, da na kai mata ƙara cewa ta yi tsofaffi biyu ba kunya suna faɗa kan ƙwarya, in ina so ta ba ni tata ta fura in kifa in huta.

Sai na tafi filin firamare inda suke rihasal, wato gwajin wasan, da niyyar in kunyata shi gaban yara. Na iske sun ɗora mashi farar hular roba irin ta masu aikin gini, ko toka ba su shafa mashi ba, Di'o da baƙar fuska kamar mai karɓar haraji. Malamin da ke koyar da wasan ya ce Baba bismilla, yi mana Turancin Di'o. Labbo ya tsaya. Ya karkata kunne dama shina jira. Malamin ya sake cewa ya yi magana, ya sake karkata kunne wurin da babu kowa, yara sunka fara ƙunshe dariya. Ni na san mi shike jira, ni shike jira in yi surkulle ya fassara. Na ce to ga shaida ta kawo kanta. Na matsa na ce kai Labbo ɓarawon hula. Ya dube ni ya washe baki, ya kira ni kawu, wato babana da ya rasu tun kafin a haifi ciyaman, ya tambaye ni ko na ga tafintanai a hanya, wai yaron ya makara.

Nan ciyaman ya ja ni gefe. Ya ce tun damina ruɗewa ta kama tsohon, wani lokaci ba ya gane ɗakinai, ba ya gane matatai, sun ɓoye ne kada gari ya ɗauka. Abu guda da ya rage mashi garau shi ne ranar da Bature ya zo dandali, sai dai a cikin kanai shi ke sanye da ƙwaryar. Na ce wato kai ka san ba shi ne ba. Ya sunkuyar da kai ya ce ya sani, tun shina yaro ya ji ana ce mani Di'o. Fushina sai ya ƙaru, da na ɗauka rashin sani ne, ashe da gangan anka hau mota anka shelanta ƙarya tsakiyar kasuwa, ba wanda ya ga ya dace a zo a roƙe ni. Ya ce tun da anka fara zancen wasan tsohon ke cin abinci da kanai, kullum shina tambayar yaushe ne ranar. Sannan ya ce in taimaka in tsaya hagu in zama tafinta, in riƙa kai kunne bakin ubanai kamar raɗa shike mani, in faɗi abin da na ga dama. Ni in yi wa tafintana tafinta. Kuma ko na yarda, ni ba ni da bakin Labbo, hanci gare ni.

Na juya na bar shi tsaye. Zan fita filin na biya ta daman Labbo, haushi ya sa na riƙe ƙugu na saki Turancina ta hanci kamar yadda na saba. Ko numfashi bai ja ba ya juya ga yara ya ce Di'o ya ce wandon malaminku ya yi mashi kaɗan, gobe ya zo ofis da telan. Yara sunka zube ƙasa, malamin kanai sai da ya dafa bango. Rabon da in ji daɗi haka na manta. Sai Labbo ya kai hannu ya taɓa hular da ke kanai, ya dube ni, ya dubi hular, ya fara tambayar ta wa ce, kuma ina ne nan. Da ƙyar ciyaman ya sa shi mota, an ce ranar bai ci komai ba.

Yanzu wasan ya matso, an gayyaci mutane har daga Shinaka. In na tsaya tafinta bidiyo zai zauna har bayan raina shina cewa Labbo Bature ya sara wa, jikokina su kalla su ce ashe kakanmu cika baki shike. In na tsaya dama na saki Turanci gari zai ga gaskiya da idonai, kuma za a yi dariyar da ba a yi ba tun tafiyar Turawa, amma na ga abin da ya biyo baya a filin firamare, ban san yadda zai zama gaban taro ba. In kuwa na zauna gida, zai tsaya shina karkata kunne ga iska yara na yi mashi dariya, mutumin da ya buɗe baki ranar da nawa ya ƙi buɗuwa.

Kada wani ya rubuto mani wa'azin cewa duniya ba wurin zama ba ce, na fi ku kusa da barinta. Ƙwarya dai na riga na sa an yanke, tana ɗaki farar ƙasa na bushewa a jikinta, don ba za a yi Kalankuwa a garinmu da hular masu gini ina raye ba. Na gwada ta zauna mani daidai, kuma ni da Labbo kanmu ɗaya tun muna yara. Ku gaya mani, kan wa zan kifa ta?