Kwalekwalen da Baffa Ya Zaɓa

Zuwa ga Yaya Sani, a Ikko.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Yaya Binta da yara. Ina gajiyar aiki? Mu nan Dutsin-Ma lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Ka san Baffa ya ƙudurta sayen kwalekwalen fito tun bara, da rafi ya kusa cin matan Makera a hanyar kasuwa. To, wani mutumin Yawuri ya kawo tsofaffi biyu a babbar mota. Ɗaya ya sha koren fenti, ɗayan baƙi ne, duk faci. Kafin in zo daga jami'a, Baffa har ya kwanto bijiminsa zai bayar a kan koren.

Na ce a cika su da ruwa tukuna. Mai kayan ya yi dariya, ya ce, "Malama, a makarantarku a tudu ake tuƙi?" Na ce, "A'a, amma a tudu ba a nutsewa."

Mata suka yi ta jido daga rijiya har azahar. Kafin la'asar koren ya tsiyaye tas, agwagi na wanka a ƙarƙashinsa. Baƙin kuwa ko ɗigo. Shi ne Baffa ya ɗauka, jiya kuma ya ƙetarar da matan Makera, ko bakin zanensu bai jiƙe ba.

Yanzu duk inda ya zauna sai ya ce amfanin jami'a ke nan. Ban gaya masa cewa haka Inna take gwada tulu a kasuwar Kurfi ba.

A taya mu da addu'a, Allah ya sa a gama damina lafiya. Inna tana gaishe ku duka.

Ƙanwarka,
Hadiza