Adakar da Baffa Haladu Ya Ce a Ƙona

Kankia, Litinin

Zuwa ga ɗiyata Kamila,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, da maigidanki Abdullatif, da nauyin jiki. Allah Ya sauke ki lafiya.

Bayan haka, ban kira ki a waya ba, don maganar nan ba ta waya ba ce. Sagir direba zai miƙa miki wannan.

Ranar Asabar ɗakinki ya yi yoyo, na jawo adakarki na shanya takardun ciki a tsakar gida. Tani maƙwabciya ta shigo aron turmi, ta ɗaga guda ta ce, "Inna Basira, wannan ba boko ba ne, ba ajami ba ne. Wa ake son a haukata?" Kafin la'asar unguwa ta ɗauka cewa ana ajiyar asiri a gidan mahaifinki marigayi Malam Ashiru.

Na yi sakandare, na karanta abin da kika rubuta da Turanci a bangon littattafan. Ba asiri ba ne, rubutun Yahudawa ne. Ni kam ban san wanne ya fi sauƙin faɗa wa mutane ba. Da kika ce mini digirinki na uku a kan tarihin addinai ne, kin san me kika ɓoye. Rabin gaskiya ga uwa ƙarya ce, Kamila.

Baffanki Haladu, wanda shi ke riƙe da gidan nan tun rasuwar ubanki, ya rantse ranar Juma'a bayan an sauko zai ƙona su a ƙofar gida kowa ya gani. Ban ce masa a'a ba.

Mahaifiyarki,
Basira

Kusada, Talata

Inna,

Wa alaikumus salam. Na durƙusa na gaishe ki. Na yi laifi da ban yi miki bayani ba, ki yafe mini.

Don Allah kada a ƙona. Littattafan rubutu goma sha ɗaya ne, kuma ba ni da wasu. Wata takwas na yi a ɗakin karatu a ƙasar waje ina kwafe tsofaffin takardu da hannuna, saboda sun hana ɗaukar hoto. In suka tafi, aikin shekara huɗu ya tafi.

Inna, mutanen da nake nazari sun rasu kusan shekara dubu biyu da suka wuce. Malamai ne da suka zauna bayan Rumawa sun rushe musu babban ɗakin ibada a Ƙudus, suna tsoron karatunsu ya ɓace. Sai suka riƙa cewa wane ya ji daga wane, shi kuma daga wane. Yadda suka adana maganar malamansu nake bincike. Sallata tana nan yadda kika koya mini.

Likita ya hana ni tafiya har sai na haihu. Abdullatif zai zo gobe ya ɗauko adakar.

Ɗiyarki,
Kamila

Kankia, Laraba

Kamila,

Bayan gaisuwa. Mijinki ya zo, bai wuce zaure ba. Baffanki ya ce masa, "Kai mata aka ba ka, ba a ba ka adaka ba." Yaron kirki, ya sunkuyar da kai ya koma. Kin ga abin da kika jawo, suruki yana shan faɗa a gidan surukai.

Kada ki yi mini lacca. Na san abin da ake nufi da wane ya ji daga wane tun ba a haife ki ba. Abin da ban gane ba, duk malaman da Allah Ya yi a Katsina, kin ƙare nasu ne da kika tsallaka? A wannan lokaci da kowa ke kallon abin da ke faruwa a can wajen Ƙudus yana hawaye? Jiya mata huɗu ba su zo karatun da nake ba su ba. Ilimin da zai sa uwarki ta kasa ɗaga kai a gidan suna, ki sake duba shi.

Tambaya ɗaya gare ni, kuma ina son amsa ba kwana-kwana. Na ga wata gajeriyar kalma da kika riƙa zagayewa da jan biro. Akwai sunan Allah a cikin takardun nan ko babu?

Mahaifiyarki

Kusada, Alhamis

Inna,

Ina gaisuwa. Akwai. Wadda na zagaye ɗin ita ce, da harshensu. Ta fi sau ɗari.

Su kansu ba sa jefar da takardar da ke ɗauke da shi. In ta tsufa sai su ajiye ta a wani ɗaki na musamman, in ɗakin ya cika su binne. Dalilin da ya sa wasu suka kai zamaninmu ke nan har na samu na kwafa.

Ban faɗi haka don in ci gardama ba. Kin tambaya ne. Tun jiya ban iya cin komai ba. Gobe Juma'a. Na bar miki, Inna.

Kamila

Kankia, Asabar

Ɗiyata,

Assalamu alaikum. Ki ci abinci. Ba ke kaɗai ba ce a jikin nan, kuma yunwa ba hujja ba ce.

Baffanki ya zo jiya da kwalbar fetur, mutane sun fi ashirin a bayansa. Ya buɗe adaka ya tarar da tsofaffin zannuwanki. Ya ce, "Basira, ina suke?" Na ce masa daga bayan ƙyaure, "Yaya, akwai sunan Ubangiji a ciki. Ba za a watsa masa fetur a bakin kwata yara na tafa hannu ba. Na binne su." Ya ce to ai ƙonawa ma halas ce. Na ce halas ce, amma ba da 'yan kallo ba. Ya ce in nuna masa wurin. Na ce ba zan yi masa ƙarya ba, kuma ba zan nuna ba.

Shekara talatin da ɗaya ina gidan nan ban taɓa mayar masa da magana ba. Ya ce ba zai sake taka zauren nan ba, ba kuma zai je sunan abin da za ki haifa ba. Ki rubuta wannan a cikin digirin naki.

Kada ki ɗauka na yarda da karatunki. Ban yarda ba, akwai sauran magana tsakaninmu.

Na naɗe su a leda uku, na sa a bokitin fenti mai murfi. An yi ruwa mai ƙarfi yau da safe, ban tona na duba ba, don Tani na leƙe ta katanga. In kin yi arba'in ki zo da fartanya. Ni na binne, ke za ki tono.

Allah Ya raba ku lafiya.

Mahaifiyarki,
Basira