Kwalbar da Ta Kwana Uku a Tsafe

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Malam Haruna, shugaban ɗakin bincikenmu, ya ce antibodin, sinadarin gwajin da muka yi oda, ya baro Legas cikin ƙanƙara. Wata bakwai muna jira. Ɗigo kaɗan ne. Idan na zuba a kan fatar da muka yanko daga ƙafar Yaya Mannir, zai manne wa zaruruwan furotin da ke tallafe da jijiya daga ciki, su haska kore a madubin likita. Sai mu ga inda suka lalace. Ciwon da ke sa ƙafa ta daina ji, wanda ya zaunar da Baba har ya rasu, yau ga shi a ƙafar Yaya.

Alhamis, 9 ga Mayu
An tare hanya. Motar da ta ɗauko shi na tsaye a Tsafe tun jiya. Da wannan zafin!

Asabar, 11 ga Mayu
Ya iso. Na buɗe kwalin, ruwa tsamo-tsamo, har da ɗumi. Malam ya kau da kai, ya ce a gwada dai.

Talata, 14 ga Mayu
Baƙi ƙirin. Sau uku ina sakewa. Ban san ko zaruruwan ne babu ko antibodin ne ya mutu ba, kuma fatar ta ƙare.

Asabar, 18 ga Mayu
Na je gida Furfuri. Kowa na gyaran gona, Yaya na zaune a kan tabarma yana kallon fartanyarsa. Yanzu ko kofi sai da hannu biyu. Ya ce, "Hafsi, mi anka gani?" Na ce ana kan dubawa. Inna ta bi ni har zaure: "Yaushe za a fara ba shi maganin?" Na sha gaya mata ba magani ba ne, gwaji ne na gano ciwon kawai. Yau ban iya ba. Na ce in sha Allahu.

Litinin, 27 ga Mayu
Wani antibodin sai bayan wata biyar, in an samu. Malam ya ce ba zai sake yankar Yaya ba, wancan mikin har yau bai warke ba. Ban shiga ɗakin bincike ba. Me zan yi a can?

Litinin, 3 ga Yuni
Na sauka daga kan mashin a Damba, ɗan kabu-kabun ya kira ni: "Hajiya, takalminki." Ashe ya fita, na yi taku goma a kan tsakuwa ban ji ba. Wataƙila gajiya ce. Na dai ce wa Malam ya sa a aiko da wani, kada ya damu da batun fata, za a samu. Ya daɗe yana kallona. Bai tambayi ta wa ba.