Agarar Shahzad da Filin Baba

Zuwa ga Yayana Iftikhar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kuma zafin Maskat bai takura maka ba. Allah ya ƙara lafiya da buɗi. Mu nan Gujranwala mun gode Allah, sai dai Umma ta rame saboda ƙaninmu Shahzad.

Ka tuna ciwon agarar da ya daɗe yana fama da shi, wanda kullum da safe sai ya ɗingisa kafin ƙafar ta saki? Ashe duk sanda gasa ta matso, mai koya musu kokawa, Ustaz Pervaiz, sai ya kawo wani ya danna masa allura a wurin, zafin ya lafa, ya tura shi fili. In ya yi ƙorafi sai ya ce masa, "Kai ɗan kokawa ne ko amarya? Tashi mana!" A gasar bikin girbin alkama jijiyar ta tsinke, har 'yan kallo sun ji ƙarar. An yi masa aiki a Lahore. Likitan ya ce yawan horo ne ya cinye jijiyar, alluran kuma suka ƙarasa ta. Da an sassauta masa, ya riƙa atisayen ɗaga dunduniya a hankali a bakin matakala, da wataƙila ta warke. Yanzu zai yi tafiya, amma shi da kokawa har abada.

Yaya, Ustaz Pervaiz ɗin nan ya zo mana da kwandon mangwaro, wai ƙaddara ce. A gabansa na juye wa ɓaunar da muke kiwo a gida. Na bi gidajen yaransa na gaya wa iyayensu mata, da yawa sun janye 'ya'yansu, amma zuciyata ba ta huce ba. Filin da yake horon na Baba ne, aro aka ba shi. Umma ta yarda a karɓe, amincewarka kawai muke jira. So nake tarakta ta huɗe ƙasar kokawar nan da ya yi shekaru yana tankaɗewa yana kwaɓawa da mai don ta yi laushi, a shuka albasa, ya riƙa wucewa yana gani. Kada ka ce in bar shi da Allah. Hisabin lahira na Allah ne, filin kuwa namu ne.

Umma da Shahzad suna gaishe ka. Ka gaida Yaya Nasreen da su Hamza.

Ƙanwarka,
Rukhsana