Motar Da Ta Ƙi Tashi A Gaban Wutar Daji

Zuwa ga Alhaji, shugaban ƙungiyarmu ta makiyaya da manoma a Dakoro.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da iyali da sauran 'yan komiti, da fatan kowa yana lafiya. Ni ne Isufu, direban motar ƙungiya har zuwa ranar da ta ƙone. Sau biyu na zo biro, ofishin ƙungiya, neman ganinka aka ce ka fita, alhali takalmanka suna bakin ƙofa. Tunda a gaban jama'a ka ɗora mini laifi, a gaban jama'a zan ba da amsa.

Na ɗaya, halin da motar take ciki. Tsohuwar kat-kat ce, irin mai shiga daji da rairayi, ta girmi babban ɗana, amma injinta lafiya lau yake. Abin da ya gaji shi ne demarer, abin nan da ke juya inji idan an murɗa makulli. Tun farkon damina ya fara gardama. In na murɗa sai in ji ƙas, sai shiru. Sai na shiga ƙarƙashi na bubbuge shi da guduma wani yana murɗawa, sannan ta tashi. Da abin ya yi yawa na kai ta garejin Laminu. Ya kwance shi a gabana, ya nuna mini sharbon, 'yan gawayin nan da ke ba shi wuta, sun cinye, wayar ciki ta yi baƙi ƙirin. Ya lallaɓa ya mayar, ya ce in gaya maka wannan jinkiri ne kawai, a sayo wani daga Maraɗi tun kafin ya kashe mu a daji.

Na biyu, sau uku na gaya maka. Na farko a biro. Na biyu tare da Laminu, ka saurare mu kana duba tarho. Na uku a wajen suna a Birnin Lalle, ranar da baƙi da manyan rigunansu suka tura motar kana zaune a ciki. Na juyo na ce, ranka ya daɗe, ka dai gani da idonka. Ka yi dariya ka ce, “Isufu, ai tana tashi in an tura.” Ka ƙara da cewa komiti zai zauna bayan girbi. Daga ranar na daina ajiye ta sai a kan gangare, in muka shiga daji kuma ba na kashe inji ko da za mu wuni. Har faɗa aka yi mini a kan yawan man gazuwal da take sha.

Na uku, ranar wutar. Da hantsi ka kira ni da kanka, ka ce wuta ta tashi a makiyayar da ke arewacin Rumbu, in kwashi mutane da durom na ruwa. Ciyawar bana ta yi kyau, ta kai gwiwa, kuma ta bushe ƙayau. Cikin waɗanda na ɗauka akwai Malam Agali, dattijon da ya fi kowa sanin yadda ake tare wuta. Gwiwarsa ta dama ta daɗe da lalacewa, da sanda yake tafiya, amma ba a zuwa kashe wuta ba da shi ba. Shi ke duban iska ya ce a tsaya nan, a share can.

Mun kai bayan azahar muna dukan wuta da rassan itace, inji yana ta aiki a bayanmu. Sai iska ta juya. Malam Agali ya ce kowa ya hau mota. Na ja ta da baya zan juya, ƙafar baya ta nutse a rairayi, inji ya shaƙe ya mutu. Na murɗa makulli, ƙas. Na sake, ƙas. Na shiga ƙarƙashi da guduma, Buba ƙanin Arɗo yana murɗawa, hayaƙi yana cika mini ido. Mutane suka sauko suka sa kafaɗa, amma duk wanda ya taɓa tura mota a rairayi ya san ba ta motsi. Muna jin ƙarar ciyawa tana fashewa kamar ana soya gyaɗa.

Malam Agali ya ce a bar ta, a gudu wajen da ya riga ya ƙone. Hanyar ke nan kawai, sai an ratsa harshen wutar. Masu ƙafa suka tsallake. Ni da Buba muka riƙe shi ta kafaɗu, a tsakiya gwiwar ta lanƙwashe, muka faɗi mu uku. Kafin mu janye shi rawaninsa da rigarsa sun kama. Hannuna na hagu a nan ya ƙone, har yau yatsu biyu ba sa miƙewa.

A amalanken shanu muka ɗauko shi, domin motar da za ta kai shi asibiti tana can tana ci da wuta. Tafiyar da mota ke yi kafin a gama shan shayi, mu sai da rana ta kusa faɗuwa muka fito babbar hanya. Bai yi kuka ba, bai zargi kowa ba. Abin da ya yi ta tambaya shi ne ko kowa ya fita. Likitoci a Dakoro sun yi iya ƙoƙarinsu, kwana uku ya yi Allah ya karɓi abinsa.

Na huɗu, abin da ka faɗa. A taron da aka yi bayan addu'ar bakwai, ina kwance ana wanke mini hannu, ka gaya wa mutane cewa direba ne ya yi sakaci ya kashe inji a gaban wuta, kuma ba a taɓa sanar da kai motar tana da matsala ba. Maganar ta zagaya kasuwa ta kai rugage. Na je gaisuwa gidan Malam Agali, matarsa Inna Tamu ta juya mini baya. Ɗiyata ta daina zuwa rijiya saboda abin da mata ke faɗa in ta wuce.

Ba na wanke kaina tas. Na san halin motar, da na ajiye maka makulli da safen nan na ce ba zan ɗauki rayukan mutane a cikinta ba, da wataƙila yau Malam Agali yana cikin iyalinsa. Na ji nauyinka, na kuma ji tsoron rasa aiki. Wannan nawa ne, da shi zan tashi gaban Allah. Amma naka ba zan ɗauka maka ba.

Ga abin da nake roƙo. Ka tara mutanen da ka tara, ka kira Laminu da Buba, a tambaye su a gabanka. Ka janye maganarka da bakin da ka faɗe ta. Na ji ana neman wata tsohuwar mota. Kafin a sa kowa a cikinta a bar bakanike ya duba ta, abin da ya ce a canza a canza, kuma a ba direba ikon cewa ba za shi ba. Aikin kam ba na nema, hannun ma ba ya riƙe sitiyari.

Na ƙarshe shi ya fi mini kowane. Ka taka da ƙafarka zuwa gidan Inna Tamu tun tana cikin takaba, ka zauna a tabarmarta ka gaya mata yadda aka yi. Tana da haƙƙin ta san abin da ya kashe mijinta.

Allah ya jiƙan Malam Agali, ya sanyaya makwancinsa. Kai kuma Allah ya ba ka lafiya da tsawon kwana, ya ba ka ƙarfin zuciyar faɗin gaskiya a nan, inda faɗinta ke da sauran amfani.

Wassalam.

Isufu direba, Dakoro.